Uku Ta Yi Ridda

Tsohon hedimasta na kishingiɗe a zaure, ya leƙa kwamfutar jikansa Ɗanliti.

HEDIMASTA: Kai ɗan nema, mene ne wannan ka rubuta a sama, 1337? Lambar motar haya ce?

ƊANLITI: Laƙabina ne, tsoho. "Leet" ake karanta shi. Ɗaya ita ce L, uku E ce da ta juya baya, bakwai kuma T.

HEDIMASTA: Tun kafin a yi wa ubanka kaciya nake koyar da lissafi, ban taɓa jin uku ta yi ridda ta koma harafi ba.

ƊANLITI: Daga "elite" aka yanko shi, wato gwanayen gwanaye. A Amurka abin ya samo asali, shekarun 1980, lokacin da matasa ke haɗa kwamfutocinsu ta layin tarho. Idan ka sa lamba a gurbin harafi, na'urar da ke farautar kalma sai ta wuce ba ta gane ba, baƙo ma ya tsaya yana zare ido.

HEDIMASTA: Au, zaurance ke nan irin na 'yanmata! Su wa suka ɗaure wa wannan shashanci gindi?

ƊANLITI: Akwai wata ƙungiyar 'yan kutse da aka kafa a Lubbock ta jihar Texas a 1984, Cult of the Dead Cow, ƙungiyar matacciyar saniya. A mayanka ma suka kafa ta.

HEDIMASTA: A mayanka, kuma suka bari saniya ta yi mushe? Duk cikinsu ba mai wuƙa?

ƊANLITI: Suna ne kawai. A 1998 suka fitar da manhajar kutse mai shiga ta ƙofa lamba 31337, wato "eleet".

HEDIMASTA: To wannan "pwn" fa? Kalma ba wasali, sai ka ce tari.

ƊANLITI: "Own" ake nufi, na gama da kai. Dubi nan, a madannan kwamfuta P na maƙwabtaka da O, yatsa ya zame. "Teh" ma haka, "the" ce aka yi gaggawa. Da abin ya ba mutane dariya sai suka koma yi da gangan.

HEDIMASTA: Da gangan! A ajina bulala shida ce, kuma ka share fili.

ƊANLITI: Ai a 2013 wani mai kuɗin intanet na Bitcoin ya sha giya, zai rubuta "holding", wato yana riƙe da kuɗinsa, ya rubuta "hodling". Yau masu kuɗin intanet ko'ina HODL suke cewa.

HEDIMASTA: Mashayi ya yi tuntuɓe, masu hankali suka bi shi suna faɗuwa. Allah ya kyauta.

ƊANLITI: Tsoho, me kake rubutawa a littafin yaro idan ya ci?

HEDIMASTA: OK mana, da jan biro, in ja layi biyu.

ƊANLITI: Wata jarida a Boston ce ta buga shi a 1839 don raha. "Oll korrect", a maimakon "all correct". Da gangan aka ɓata kalmomin biyu.

HEDIMASTA: (ya gyara hula, ya yi gyaran murya) To... ai ni ban taɓa rubuta shi duka ba. Tashi ka duba ko matata ta sauke tuwo.

ƊANLITI: Matarmu dai. OK, tsoho.

HEDIMASTA: Ka ce "to", ja'iri!