Masu cewa majalisa za ta raba gardama, ku tambayi Kentaki

Tun watan Satumban 2024, lokacin da 'yan jam'iyyar Republican suka matsa wa majalisar jihar Nebraska lamba ta soke tsarinta na raba ƙuri'un wakilan zaɓe (wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban Amurka), abin da zai iya jawo kunnen doki, wata magana ta samu gindin zama a bakin masu sharhi. Wai ko an yi kunnen doki, 269 da 269, babu abin tayar da hankali, tunda tsarin mulkin Amurka ya ce Majalisar Wakilai ta zauna jihohi su fitar da shugaba. Har da kafa hujja da zaɓen 1824, wai an taɓa yi kuma ƙasa ba ta tsage ba. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a wancan zaɓe ba jihohi ne suka zaɓa ba, wasu 'yan tsirarun mutane ne suka zaɓa da sunan jihohi.

A 1824 mutum huɗu suka raba ƙuri'un wakilan zaɓe 261. Andrew Jackson ya samu 99, John Quincy Adams 84, William Crawford 41, Henry Clay 37. Ana buƙatar 131, babu wanda ya kai. Gyaran tsarin mulki na 12 ya ce a kai uku na sama gaban majalisa, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, komai yawan jama'arta. Clay ya faɗi daga takara, amma shi ne kakakin majalisar da za ta yanke hukunci.

Jiharsa Kentaki ta ba shi ƙuri'unta 14. Wanda ya bi masa a ƙuri'ar jama'ar jihar Jackson ne, Adams kuwa ko ƙuri'a ɗaya ba a ƙirga masa a can ba. Majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙuduri tana neman wakilanta a Washington su mara wa Jackson baya. Ranar 9 ga Fabrairun 1825 wakilan nan goma sha biyu suka kaɗa ƙuri'a: takwas Adams, huɗu Jackson. Aka rubuta Kentaki a sahun mutumin da babu wanda ya zaɓa a Kentaki. Adams ya samu jihohi 13 cikin 24, daidai abin da yake buƙata, babu ragi babu ƙari. A cire Kentaki, da bai ci a zagayen farko ba. Bayan 'yan kwanaki ya miƙa wa Clay kujerar sakataren harkokin waje, wadda a zamanin ita ce matakalar shugabanci.

Masu kare Clay suna cewa ba a taɓa kawo shaidar ciniki ba, kuma ra'ayinsa kan harajin kaya da gina hanyoyi ya fi kusa da na Adams. To, sai me? Ko da zuciya ɗaya ya yi, dokar ce ta ba mutum takwas damar juya wa jiha guda baya, kuma babu sashen da suka karya.

Ba Kentaki kaɗai ba. Ilinoyi tana da wakili ɗaya tak, Daniel Pope Cook. Wakilan zaɓen jiharsa biyu cikin uku Jackson suka ba, shi ya ba Adams. Misuri ma wakili ɗaya, John Scott, ya ba Adams. Nauyin kowannensu daidai yake da na wakilan Niyok 34 gaba ɗaya, inda Adams ya tsira da 18 da ƙyar bayan ɗaya daga cikinsu, Stephen Van Rensselaer, ya karkata gare shi. Cook da Scott sun rasa kujerunsu a zaɓen 1826, Jackson kuma ya kayar da Adams a 1828 da 178 da 83. Akwai masu nuna wannan a matsayin shaidar cewa jama'a suna gyara kuskure. Ihu ne bayan hari: an riga an yi shekara huɗu ana mulki.

Yau abin ya fi muni. Ana buƙatar jihohi 26 cikin 50. Kalifoniya mai wakilai 52 da mutum kusan miliyan 39 ƙuri'a ɗaya, Wayomin mai wakili ɗaya da mutanen da ba su kai dubu 600 ba ita ma ɗaya. Birnin Washington yana da ƙuri'un wakilan zaɓe uku, amma a wannan zama ba shi da ta cewa. Jihar da wakilanta suka rabu biyu daidai, ƙuri'arta ta bi ruwa. Haka ya faru da Vermont da Maryland a 1801, sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Thomas Jefferson ya fita. Mataimaki kuma Majalisar Dattawa ce ke zaɓensa daban, don haka shugaba zai iya fitowa daga wata jam'iyya, mataimakinsa daga wata. In 20 ga Janairu ta zo majalisa ba ta daidaita ba, mataimakin ne zai riƙe ƙasa. Jam'iyyar da ba ta da rinjayen kujeru ma za ta iya naɗa shugaba, muddin ta fi yawan jihohi. Wannan ake kira mafita?

Najeriya ta leƙa bakin wannan rami a 1979. Da Kotun Ƙoli ta yarda da Awolowo cewa Shagari bai cika sharaɗi ba saboda ƙuri'unsa a Kano ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, da 'yan majalisu ne za su zaɓi shugaba. A tsarin mulkin 1999 zagaye na biyu yana hannun masu zaɓe, kuma nan Najeriya ta fi Amurka gaskiya.

Abin da ya kamata Amurka ta yi ke nan: in babu mai rinjaye, a koma wa jama'a da mutum biyu na sama. In hakan ya yi nauyi, aƙalla kowane ɗan majalisa ya kaɗa tasa ƙuri'ar a fili, a daina dunƙule su jiha-jiha. Kowanne daga ciki sai an gyara tsarin mulki da amincewar jihohi 38, kuma ƙananan jihohin da ke cin moriyar tsarin yanzu sun fi goma sha ukun da ake buƙata don hana shi wucewa.