Cinikin biri a sama: Roadster ta Tesla da maganar kilomita 1,000

Daren jiya a majalisarmu sai da shayi ya huce a kofi saboda gardamar wata motar lantarki, motar da ba wanda ya taɓa saya ya kai gida a duk faɗin duniya. Wani ƙanina ne ya miƙo min waya yana rawar jiki. Ya ce, "Yaya, duba nan. Sabuwar Roadster ta Tesla. Caji ɗaya kilomita 1,000, kuma kafin ka ƙifta ido ta kai gudun 100." Na ce masa, yaushe aka ɗauki bidiyon? Ya ja allon ƙasa, ya yi jim, can ya ce 2017. Majalisa ta tuntsire da dariya. Shi ko a jikinsa, wai jinkiri alama ce ta ana gyara aiki. Na yi masa alkawarin zan rubuta matsayata dalla-dalla, to ga shi. Mai gaggawa ya wuce, don rubutun da ɗan tsawo.

Ga abin da ya faru a bidiyon. A watan Nuwamba na 2017, a garin Hawthorne na jihar Kalifoniya, Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya tara mutane don nuna musu babbar motar dakon kaya ta lantarki da suke kira Semi. Taro ya zo ƙarshe, sai aka buɗe bayan tirela, wata jar mota ta sulalo. Nan ya fara zuba lambobi: daga tsaye zuwa gudun mil 60 cikin sakan 1.9, ƙarshen gudunta ya haura kilomita 400 a awa, batir mai cin yunit 200, tafiyar mil 620 a caji ɗaya, wato kusan kilomita 1,000. Kuɗinta dala 200,000, kafin alƙalami dala 50,000. Masu son rukunin farko kuwa su biya dala 250,000 lakadan. Aka ce za ta fito a 2020.

Shekarar 2020 ta zo ta wuce. Aka ce 2021, aka ce 2022, aka ce 2023, ana ta ɗagawa kamar bikin da ba a gama haɗa lefe ba. Har 2025 ta ƙare ba a miƙa wa kowa makulli ba. A Oktoban shekarar, Sam Altman, shugaban kamfanin OpenAI, ya fito a dandalin X yana nuna cewa tun 2018 ya ajiye kuɗinsa na kafin alƙalami, ya gaji, yana so a mayar masa. Musk ya amsa cewa ai an mayar masa cikin kwana ɗaya. Su biyun dama ba sa ga maciji, don haka ban ɗauki rigimarsu da zafi ba. Abin da ya tsaya min shi ne shekara bakwai. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka nuna motar nan yau yana firamare.

Kada a ce ina ƙin Tesla. Roadster ta farko da suka fitar a 2008 ita ta fara nuna wa duniya cewa motar lantarki za ta iya zama abin marmari, a lokacin da ake mata kallon keken guragu mai rufi. Model S Plaid da suka fara sayarwa a 2021 tana yin gudun da ke sa cikin mutum ya juya, kuma tana kan titi, mutane na hawa. Kamfanin ya iya aiki. Rigimata da waɗanda ke ɗaukar lambar da aka faɗa a kan dandamali kamar an riga an auna ta a kwalta.

Mu fara da kilomita 1,000 ɗin, tunda ita ce ta fi ɗaukar hankalin ƙanin nawa, wai daga Kano sai Legas ba tsayawa. Yunit ɗin da ake magana a batir shi ne dai yunit ɗin mitar gidanka, wanda kake lodawa da kati. Yunit 200 a kilomita 1,000 na nufin yunit 20 a kowace kilomita 100, kuma wannan lissafi ba gagara ba ne. Motoci da yawa na cin ƙasa da haka. Inda gizo ke saƙar shi ne nauyi. Akwai motar da ke ɗauke da batir mai girman haka a kasuwa yanzu, Hummer ta lantarki da kamfanin GMC ke yi. Batirinta kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin ƙaramar mota guda, ita kanta motar ta haura tan huɗu, kuma tafiyar da take yi a caji ɗaya kilomita 500 da ɗoriya ce. Ban ce Roadster za ta yi nauyin Hummer ba. Amma ka ɗauki batir mai kusan wannan nauyi ka cusa shi a 'yar mota mai ƙofa biyu, wadda ake so ta sha kwana kamar kurege, sai ka ga dalilin da ya sa injiniyoyi ke ta soshe-soshen ƙeya.

An yi kilomita 1,000 a caji ɗaya, kar wani ya zo min da wannan kamar ban sani ba. A Afrilun 2022 Mercedes ta tuƙa motar gwajinta EQXX daga Sindelfingen a Jamus zuwa Cassis a kudancin Faransa, kilomita 1,008, da batirin da bai kai yunit 100 ba. A 2024 ta sake yi daga Riyad zuwa Dubai cikin zafin ƙasar Larabawa. Amma je ka kalli motar. Tayoyinta sirara ne, bayanta ya tsuke kamar jelar kifi don iska ta zame, kuma an ƙayyade gudunta a kilomita 140. Duk abin da ke jikinta don tsimi aka yi shi. Ita ma Lucid Air, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ke da kaso mafi tsoka a kamfaninta, ta yi kilomita 1,205 a Yulin 2025 ta shiga kundin bajinta na Guinness. Sai dai daga St. Moritz ta tashi, can saman tsaunukan Suwizalan, ta gangaro zuwa Munich. Motar lantarki in tana gangara caji take yi wa kanta. Bajinta ce, na yarda, amma an zaɓi hanya.

To ita Roadster faffaɗan taya mai danƙo take buƙata don ta kama kwalta a sakan 1.9, kuma faffaɗan taya wuta yake sha. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu gardamar nan ke faɗawa rami. Suna haɗa lambobin biyu a zuciyarsu, suna hango mota na tsala gudun 300 har tsawon kilomita 1,000. Iska ba ta yarda da haka. In ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannu ta tagar mota a hanyar Zariya ya san bambancin gudun 60 da 120. Bugatti Veyron, wadda fetur take sha, in aka taka ta har ƙarshe tankinta mai lita 100 yana ƙarewa cikin minti 12 ko makamancin haka. Yi lissafin a lantarki: injin da ke zuƙar kilowat 1,000 zai shanye yunit 200 cikin minti 12 shi ma. A gudun 400, kilomita 80 ke nan. Daga Kano ko Zariya ba za ka ƙarasa ba.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa ya auna, kuma da wane mudu? Mudu uku ne a kasuwar nan. Amurka na da na hukumar kare muhallinta, EPA, shi ne mai ɗan tsauri. Turai na da WLTP, wanda ake yi a ɗakin gwaji a yanayin digiri 23, na minti 30, matsakaicin gudu bai kai kilomita 47 a awa ba. China na da CLTC, wanda ya fi su duka sassauci, don yawancinsa tafiyar cikin gari ce a hankali. Mota ɗaya, batir ɗaya, sai ka ga lamba uku daban-daban, kuma mai talla ya san wadda zai ɗauko. Ba digiri 23 ake yi a Sakkwato a watan Afrilu ba, kuma ba wanda zai sayi motar dala 200,000 ya kashe na'urar sanyi don tattalin caji. Yanayin sanyi ma ya fi zafi rage nisan tafiyar batir. A Janairun 2023 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci Tesla tarar won biliyan 2.85 na kuɗin ƙasar saboda ba ta bayyana wa masu saye yadda nisan tafiya ke raguwa a lokacin sanyi ba.

Ni dai lambar jikin kwali ta taɓa koya min hankali. Shekaru kaɗan baya na haɗa sola a gida, na sayi batura biyu a wani shago, a jikinsu an rubuta 200 da manyan baƙaƙe. Mai shagon ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, fanka da talabijin da firij har asuba, in ba su kai ba dawo min da kayana." Daren farko ƙarfe ɗaya da rabi inbata ta fara kuka. Na tashi cikin gumi da fitilar waya a baki ina duba wayoyi, uwargida na tsaye a ƙofa da mafici tana tambayata ko wannan ce asubar. Da na koma washegari, sai ya ce ai 200 ɗin in ana jan wutar kaɗan-kaɗan ne, na tsawon awa 20, kuma bai kamata a shanye fiye da rabi ba in ana so batir ya yi ƙarko. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Lambar ba ƙarya ba ce, sharuɗɗanta ne bai ambata ba sai da kuɗina suka shiga aljihunsa.

Hatta sakan 1.9 ɗin da sharaɗinta. Mil 60 bai cika kilomita 100 ba, 96 ne da rabi. Sannan a al'adar awon Amurka ba a fara ƙirga lokaci sai mota ta gusa da taku ɗaya, abin da ke rage wajen sakan 0.2. Duk da haka wannan lambar ba ta ba ni mamaki yanzu, don Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya ta yi sakan 1.74 a 2023. A gudu kuma Yangwang U9 Xtreme ta kamfanin BYD ta haura kilomita 496 a filin gwaji na Papenburg a Jamus a Satumban 2025. Wato yayin da ake jiran amarya, wasu sun tare har sun yi goyo.

Wataƙila shi ya sa aka ƙara gishiri. A Fabrairun 2024 Musk ya ce yanzu motar za ta kai mil 60 cikin ƙasa da sakan ɗaya, kuma ya daɗe yana maganar saka mata bututun feso iska irin na roka daga kamfaninsa na SpaceX, har da cewa za ta ɗan tashi sama. Kai mil 60 a sakan ɗaya na buƙatar turi kusan ninki uku na nauyin motar, kuma tayar roba a kan kwalta ba ta iya riƙe hakan ita kaɗai, sai ta yi ta juyawa tana hayaƙi. Ɗaliban jami'a a Suwizalan sun yi shi a 2023, sakan 0.956 zuwa kilomita 100, amma da 'yar mota mai kilo 140 da na'urar da ke zuƙe iskar ƙarƙashinta tana manne ta da ƙasa. Nunin bajinta a fili mai shinge abu ne mai yiwuwa. Hukuma ta ba ka lamba ka shiga titi da motar da ke feso iska mai ƙarfin tura tan biyu, bayanka ga mai babur da goyon yara, wannan kuma wata maganar ce.

Akwai kuma tarihi. A 2019 an ce babbar Cybertruck, a-kori-kurar Tesla, za ta haura mil 500 a caji ɗaya. Da ta fito a ƙarshen 2023, mil 300 da 'yan kai ta zo da shi. Model S Plaid+ da aka ce za ta yi mil 520 kuwa soke ta aka yi a Yunin 2021 kafin a ƙera ko ɗaya. Gwada wannan da abin da Ferrari ta faɗa a Maranello ta Italiya a Oktoban 2025 game da motarta ta lantarki ta farko: batir yunit 122, tafiya sama da kilomita 530, daga tsaye zuwa 100 cikin sakan 2.5, ƙarshen gudu 310, nauyi wajen kilo 2,300. Ba lambar da za ta sa ka saki kofin shayi. Amma sun faɗi nauyin da bakinsu, sun baje batirin da injinan a gaban 'yan jarida, kuma lambobin sun dace da juna in ka buga lissafi. Su ma dai 530 ɗin mudun Turai ne, ka zaftare wani abu kafin ka hau babbar hanya.

Hasashena, in har Roadster ta fito, za ta yi gudun tashi na ban tsoro, wannan ba na tantama. Batirin zai yi ƙasa da yunit 200, nisan tafiyar ba zai kai 1,000 ba a tuƙin mutane na gaske, kuɗin kuma zai wuce na 2017. A taron masu hannun jarin Tesla na Nuwamban 2025 Musk ya sa ranar nuna ta, 1 ga Afrilu 2026, ranar da Turawa ke zolayar juna da labarin ƙarya, har shi da kansa ya yi raha a kan hakan.

Ƙanina, na san kana karantawa. Ranar da wani da ba ma'aikacin kamfanin ba ya cika mata caji, ya kunna sanyi, ya riƙe gudun 120 a babbar hanya har kilomita 1,000 ba tsayawa, shayin majalisa na wata guda a wuyana, da biredi da ƙwai. Ka dai gaya wa mai shayi kar ya ɗora tukunya tukuna.