Dubu goman tsohon Tibiri

Kun dai san tun da na gama karatun kontabilite Kawu ya ɗora ni kan littattafan magazarsa ta babbar kasuwa. Shi shekara talatin yana lissafi da ka da wani kaye da mai ya gama jiƙawa. Ni kuwa na zo da babban littafi, kowane mai bashi da shafinsa, debi (abin da ya ɗauka) a hagu, kiredi (abin da ya biya) a dama, yadda tsarin lissafin kasuwanci na SYSCOHADA ya ce. Ranar 31 ga Disamba na zauna haɗa bilan, wato lissafin ƙarshen shekara da dole ɓangarorinsa biyu su yi daidai, sai ɓangaren dukiya ya ɗara na bashi da jari da sefa 40,000 da 'yan canji.

Na raba biyu, ko wani 20,000 ne na sa a hannun da ba nasa ba. Babu. Na raba da tara, don an koya mana in ka juya lamba, 54 ta koma 45, tazarar tana rabuwa da tara. Ta ƙi rabuwa. Ƙarfe biyun dare, da fitilar waya, na faɗa kan shafin tsohon nan na Tibiri mai ɗaukar shinkafa: ya ɗauki ta 50,000, ya biya 10,000. Saura 40,000! Yanzu na san bashin da ba a biya ba ba ya hana bilan daidaita, ko ɗan ajin farko ya san haka. Amma a daren nan lambobi biyu sun yi kama, sai na kwanta ina murmushi.

Kashegari da hantsi sai ga tsohon, majalisa ta cika, Kawu na zaune kan buhu. Da ma a gefe na ja shi. Ina! Na buɗe littafi a gaban kowa, har da gyaran murya.

"Baba, akwai sauran jika arba'in wurinka."

Ya dube ni, ya dubi Kawu. "Yaro, dubu goma na kawo ranar nan, gaban kawunka anka ƙirga."

"Shi ne na rubuta, Baba. Ga shi nan, dubu goma." Har na juya masa littafin ina nuna wurin da bik, mutumin da bai taɓa shiga lakkol ba.

Bai ko kalli shafin ba. Ya ciro goro, ya ɓantara, ya tauna sai ka ce ba shi ake jira ba. Sannan ya ce, "Kai ɗan wane gari ne? Dubu goma, jika nawa ta?"

Wallahi kafin ya rufe baki na ji gumi ya sauko mini ta ƙeya. Dala. Dala ɗaya sefa biyar, dala dubu goma sefa 50,000, jika hamsin ke nan. Ni da aka haifa a Maradi, nake sayen ƙosan dala ashirin tun ina yaro. Ranar da ya biya, na ƙirga kuɗin da hannuna na sa 50,000 a shafin kes, wato na kuɗin hannu, Kawu kuma ya ɗaga murya "dubu goma daga Tibiri", ni kuma na zuba 10,000 a shafin tsoho yadda kunnena ya ji.

Kawu bai ce uffan ba, ya dai jawo kayensa mai mai ya ɗora kan littafina. Tsoho ya ce a bar yaro, boko ne.

Wanda ya ƙona mini rai mai shayi ne. Ba a kira shi ba, ba dangin iya ba na baba, amma ya baro tukunya tana tafasa ya zo ya tsaya kaina, yana dariya har da riƙe ciki. Mutumin da lissafinsa zane ne da gawayi a jikin bango! Kuma bangon nan ban yarda da shi ba, don sau biyu ina biyan kuɗin madara zanen bai ragu ba. Yanzu ko daga nesa ya hango ni sai ya ce "Jika Arba'in, a sa sukari?" Yaran kasuwa duk sun ɗauka.

Na gyara shafin dai. Bilan ya rage tazarar 250, dala hamsin ke nan, kuma ina zargin na shayi ne.