Motar da ta sa ake zargina da neman aure a Zariya

Da zan sayi motar nan, tokumbo 'yar Jamus mai shan gas, wato dizal, dillalin ya rantse mini cewa shinshinar mai kawai take yi. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye shi ne ba don irina aka ƙera ta ba, ni da duk yawona bai wuce daga gida zuwa makarantar yara ba, sai Kantin Kwari, sai a dawo cikin cunkoso da giya ta biyu.

Wata huɗu muna zaman lafiya. Har wani abin farin ciki na gano: duk lokacin da na zaro sandar auna baƙin mai, sai in ga ya ƙaru. Motocin mutane shan baƙin mai suke yi, tawa haifarsa take yi. Na kira uwargida na nuna mata, na ce kin ga amfanin kuɗin halal.

Wata safiya sai ga fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ɗan akwati da ɗige-ɗige a ciki. Autana ya leƙa ya ce gwangwanin wake ne. Na kai wa bakanikena, mutumin da in ana maganar tsohuwar Fijo ba shi da na biyu. Ya cire kan batir, ya sha ruwa, ya mayar. Fitila ta mutu, na miƙa dubu biyu. Kafin in kai shataletale ta dawo. Da na koma sai ya ce, "Alhaji, motocin Turawa tsegumi gare su." Ya yanko baƙin salatif ya manna a kai. Gaskiya tun daga ranar ban sake ganinta ba.

Ashe tana da 'yar'uwa. Bayan mako biyu fitilar inji ta kama, wannan mai kama da butar shayi, kuma ta zaɓi ranar da na ɗauko surukata zuwa biki. Muna hawa gadar Ƙofar Nasarawa mota ta ce ga garinku. Na take totur har ƙasa, tana tafiya kamar an ɗaura mata turmi. Ɗan a-daidaita-sahu ɗauke da buhunan albasa ya wuce mu, har ya leƙo ya ce, "Baba, a tura ne?" Hajiya ta yi salati daga baya ta ce ita dama ta san baki ne, tun da aka ƙi yin sadakar ƙosai ranar da aka kawo motar.

Washegari aka haɗa ni da wani yaro mai kwamfuta, wanda a haife na haife shi. Ya soka waya a ƙasan sitiyari, ya danna, lamba ta fito: P2463. Ya ce, "Baba, DPF ɗinka ne ya toshe." Na ce ban saya da wannan ba. Ya yi dariya ya ce tun wajen 2009 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kusan duk ƙaramar mota mai gas tana zuwa da shi. Wata tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, tana tare kunkunniyar hayaƙi. In ta cika, motar da kanta take ƙara feshin gas, zafi ya kai wajen digiri 600, ta ƙone dattin ya zama toka. Amma sai an ba ta titi, a yi kamar minti ashirin ana gudu ba tsayawa.

Daga nan ya koma alƙali.

"Baba, yaushe rabonka da fita daga Kano?"

Na ce tun ranar da aka kawo ta.

"Gas na nawa kake sha?"

Na ce na dubu biyar, in kasuwa ta yi kyau. Ya dafe kai. Ya ce da yawan motocin nan ba sa ma fara ƙona dattin in fitilar mai tana kunne, ni kuwa tawa ba ta taɓa mutuwa ba, har na ɗauka ado ce.

"Ka taɓa jin fanka tana ta ihu da ƙaurin ƙonewa in ka tsaya?"

Na ce sau da yawa, kuma nan take nake kashe ta in yi nesa. Ya ce to lokacin ne take tsakiyar aikin, ni kuma ina katse ta. Don in wanke kaina sai na kawo maganar baƙin man da ke ƙaruwa. Yaron ya zaro sandar, ya miƙo mini ya ce in shinshina. Gas ne zalla. Wanda motar ta fesa don ƙona datti, na hana ta, ya gangara ya cakuɗe da baƙin mai. Albarkar da na yi ta nuna wa uwargida, inji take shirin kashewa.

Wani mai walda a gefe ya sa baki, wai a yanke tukunyar a sa rodi a farfashe cikinta kowa ya huta. Yaron ya ce a bari tukuna, tawa ba ta kai nan ba. Ya tilasta mata ƙonawar da kwamfuta, ta yi ta gurnani a tsaye har kajin garejin suka watse. Aka juye baƙin mai, aka zuba irin nata mai ƙarancin toka, wanda kuɗinsa ya sa na zauna a kan taya. Aka ɓare salatif. Na cika tanki karo na farko a rayuwar motar, mai gidan man har ya tambaye ni ko lafiya.

Yanzu duk bayan mako biyu nakan yi wanka ranar Lahadi, in kama hanyar Zariya, in wuce Kura da Kwanar Ɗangora, in sayi rake in juyo. Ba ni da kowa a can. A karo na uku na tarar da uwargida a bakin ƙofa da mayafinta, ta ce, "Wace ce a Zariya?" Na ce wallahi salansa nake ƙonawa. Ta buɗe gaba ta zauna, ta ce mu je ta gaishe ta.