An buɗe hanyar Landan, amma wa ke zaune a kujerar tuƙi?

Shagona na sayar da tikitin jirgi a Agege yake, kuma duk wanda ya taɓa kwana a unguwar nan ya san jiragen da ke sauka Ikeja ta saman rufinmu suke wucewa. Na daɗe ina yankar wa 'yan kasuwarmu tikitin Dubai da Guangzhou da Umra, don haka abin da zan faɗa a nan a gaban kwamfutata nake ganinsa kullum. Sauran kuma daga bakin matuƙa jirgi biyu na ji shi, waɗanda suka kusa raba min kai a daren Juma'ar da ta wuce: wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Kyaftin, wanda ya fara tuƙi tun zamanin Nigeria Airways, da kuma ɗan yayata da ya gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya yau shekara uku, lasisi a hannu, aiki babu.

Ranar 30 ga Maris 2024 da Air Peace ya tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan, na yi murna har cikin raina. Da idona na ga kamfanonin waje sun sauko da farashin da suka daɗe suna cewa ba ya saukuwa. A Oktoban 2025 kuma kamfanin ya samu shiga Heathrow daga Abuja. Kada wani ya ce ina ƙyashi, ina so a ƙara hanyoyi, a kai Jidda da Guangzhou da New York.

Kyaftin dai bai yi tsalle ba. Cewa ya yi da ni, "Alhaji, ni na ga jiya. Buɗe hanya biki ne na kwana ɗaya, riƙe ta shi ne aiki." Sai ya shiga lissafo min da yatsu: Nigeria Airways da ya rufe a 2003, Bellview, Virgin Nigeria, Medview, da Arik wanda ya kai har Heathrow da New York kafin AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar bashin bankuna da aka kasa biya, ta karɓe shi a 2017. Duk sun je Landan, duk sun dawo. A ganinsa dalilin a fili yake. Jirgin British Airways da ke tashi daga Legas ba mutanen Landan kaɗai ya ɗauko ba. A ciki akwai mai zuwa Kanada, da mai zuwa Amurka, da mai zuwa wani ƙaramin gari a Turai, duk za su sauya jirgi a Heathrow da tikiti ɗaya. Namu kuwa in ya sauke fasinja a Landan, shi ke nan, hanya ta ƙare. Ga tsadar gurbin sauka: a 2016 Oman Air ya biya dala miliyan 75 don samun gurbin sauka da tashi guda ɗaya a Heathrow. Mai sayen mai da kayan gyara da dala, yana karɓar kuɗin tikiti da naira, ta ina zai ja da irin waɗannan shi kaɗai?

A nan maganar kodsheya ta shigo, wato kamfani biyu su haɗa lamba a kan jirgi ɗaya. In zan yi wa kwastoma bayani, da juye nake kwatanta masa. Ka shiga motar Kano a tasha, an kai Zariya direba ya juye ka a wata motar. Bambancin shi ne wannan juyen an yi shi a rubuce tun kafin ka tashi, kayanka suna wucewa kai tsaye, in ka makara saboda jirgin farko su ne za su nema maka wani. Nakan sayar da tikitin KLM daga Legas zuwa Amsterdam, daga can zuwa Detroit lambar KLM ce a takarda, amma jirgin da matuƙansa na Delta ne. Manyan kamfanonin Afirka duk sun shiga rukunonin kamfanonin jirgi na duniya masu irin wannan haɗin gwiwa: Ethiopian da EgyptAir da South African suna cikin Star Alliance, Kenya Airways na SkyTeam, Royal Air Maroc ya shiga oneworld a 2020. Najeriya, da duk yawan fasinjanta, ba ta da ko kamfani ɗaya a cikin ukun.

Saboda haka Kyaftin yake cewa kodsheya ita ce maganin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dole namu su samu abokan da za su riƙa zuba musu fasinja.

Yaron nan ya yi shiru yana saurare har dattijo ya gama, sannan ya ce, "Baba, ka gafarce ni. In aka manna lambar kamfaninmu a jikin jirgin wasu, kamfani ya samu rabonsa, Kawu ya samu kamashonsa, fasinja ya isa. To ni fa? Kujerar dama ta wannan jirgin, ta mataimakin matuƙi, ba tawa ba ce, kuma ba za ta taɓa zama tawa ba."

Maganar nan ta tsaya min a rai, domin na san abin da ke bayanta. Littafin da ake rubuta sa'o'in tuƙinsa a cikin leda yake ajiye shi, a ƙarƙashin kayan sawarsa, kada damshin Legas ya taɓa shi. Sa'a ɗari biyu da 'yan kai ne a ciki, kuma tun ranar da ya baro Zariya ba a ƙara layi ɗaya ba. Kafin mutum ya samu babban lasisin da zai zama kyaftin sai ya tara sa'a 1,500. Wani kamfani da ya kai wa takardunsa cewa suka yi ya je ya biya kuɗin horon irin jirginsu da kansa, da dala, in ya dawo a duba. Mahaifiyarsa fili ta sayar aka kai shi inda ya kai, ba abin da ya rage a sayar. Tsoronsa kuma ba na yarinta ba ne. A Amurka ƙungiyoyin matuƙa suna sa sharaɗi a cikin yarjejeniyar aikinsu da ke ƙayyade yawan tafiyar da kamfani zai iya miƙa wa abokin hulɗa, don sun san kamfani zai iya girma a takarda alhali jiragensa ba su ƙaru ba.

Ni ra'ayina, bayan na kwana ina juya maganar: Kyaftin ya yi gaskiya cewa ba kodsheya hanyar nesa ba ta ɗorewa, amma da ma'aunin yaron ya kamata a auna kowace yarjejeniya. Sa'a nawa ta tuƙi ta ƙara wa matuƙanmu? In amsar babu ce, wannan hanyar ba tamu ba ce ko da an rubuta sunanmu a allon filin jirgi.

Akwai wani ɓangare da ya fi min wuyar faɗa a matsayina na ɗan Arewa. Ethiopian yana sauka Legas da Abuja da Kano da Inugu. Qatar Airways tun 2022 ya ƙara Kano da Fatakwal a kan Legas da Abuja. Matuƙa da yawa suna kukan cewa wannan ne ya cinye musu abinci, domin da a ce jirgin waje a Legas kaɗai yake tsayawa, da jiragen gida ne za su kwaso masa fasinja daga sauran garuruwa. Na fahimci kukan, amma ba zan goyi bayan a hana jirgin waje sauka Kano ba. Na san wahalar da ɗan kasuwar Kantin Kwari yake sha in an ce sai ya sauko Legas, ya kwana, ya ja kaya daga tashar jiragen gida zuwa ta ƙasa da ƙasa. Kano na cikin garuruwan farko da jirgi ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925, ba alfarma aka yi mata ba. Abin da nake cewa shi ne duk wanda aka ba shi gari huɗu a ƙasarmu, a sa masa sharaɗin haɗa lamba da kamfanin gida a hanyoyin Sakkwato da Maiduguri da Yola da Katsina, kuma jirgin gida da matuƙan gida su yi wannan tafiyar. Yarjejeniyar sufurin sama tsakanin ƙasashe biyu ciniki ne, ana ba ka kana bayarwa.

Su ma kamfanoninmu akwai nasu. Ba wanda zai sa lambarsa a jirgin da aka ce ƙarfe tara ya tashi ƙarfe uku, ko wanda bai tsallake binciken lafiyar aiki na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA ba. Sannan ga hayar jirgi haɗe da matuƙansa, wadda ke yawaita duk ƙarshen shekara. Za ka shiga jirgi daga Legas zuwa Abuja, sanarwar da za ta fito daga ɗakin tuƙi da muryar baƙo ce, alhali yaranmu suna zaune a Agege da Zariya. Ƙa'idar shari'a da aka sa wa hannu a Satumban 2024 a kan yarjejeniyar Cape Town, mai kare haƙƙin masu ba da hayar jirgi, an yi ta ne don masu ba da haya su yarda su ba mu jirgi zalla, mu zuba namu matuƙan. Wannan ita ce ƙofar da nake so hukumar kula da sufurin sama ta NCAA da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE su tsaya a bakinta, su riƙa tambayar kowane kamfani yara nawa ya ɗauka da kowane jirgin da ya shigo da shi.

Dubi Lome, nan kusa da mu. Kamfanin jirgi na ASKY da ke can ya fara tashi a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian, yau fasinjan Legas mai zuwa wasu biranen Afirka ta Yamma sai ya bi ta Togo. Da hannuna nake yanka wannan tikitin, kuma duk ranar da na yanka sai na ji ciwo.

Da za su tashi a daren, Kyaftin ya karɓi littafin yaron ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo, ya ce ya zo gidansa ranar Litinin su je Ikeja tare, akwai wani tsohon abokin aikinsa da zai gabatar da shi gare shi. Takardar lafiyar tuƙi ta yaron wata biyu ya rage ta ƙare, ni zan biya kuɗin sabuntawa kamar bara.