Matasanmu da Aikin Bankin Zuba Jari a Legas

Duk shekara 'ya'yanmu suna kammala digiri a fannin tattalin arziki ko akanta ko lissafi, wasu ma su yi hidimar ƙasa a nan Legas, amma da wuya ka ji ɗayansu yana maganar neman aiki a bankin zuba jari. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a ganina rashin sanin aikin ne ya fi hana mu shiga.

Idan aka ce banki, abin da ke zuwa wa iyaye da yawa a rai shi ne mai ƙirga kuɗi a bayan kanta, ko wadda aka tura yawon neman masu buɗe asusu. Bankin zuba jari wani abu ne daban. Idan kamfani yana son kafa masana'anta, ko gwamnati tana son shimfiɗa hanya, ma'aikatansa ne ke ƙiyasta darajar abin, su tsara yadda za a sayar da hannun jari ko takardun lamuni, su nemi amincewar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, sannan su nemo masu saye. Irin wannan aikin ne Stanbic IBTC Capital da Chapel Hill Denham da CardinalStone da Vetiva suke yi a Ikoyi da Victoria Island. Dangote Cement ya shiga kasuwar hannayen jari a 2010, BUA Foods ya shiga a 2022, kuma masu kamfanonin biyu 'yan Kano ne, amma ba kasafai za ka tarar da Bahaushe a cikin matasan da ke kwana kan lissafin irin wannan ciniki ba.

Na san abin da ke tsaya wa mutane a rai shi ne riba, wato kuɗin ruwa, kuma ba na ɗaukar wannan damuwa da wasa. Gaskiya ne cewa akwai takardun lamuni masu kuɗin ruwa a cikin aikin, don haka duk mai niyya ya kamata ya zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ya karɓi takardar ɗaukar aiki. Sai dai kasuwar ta sauya. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, a 2013, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da nata na farko a 2017, na naira biliyan 100, aka zuba kuɗin a gyaran hanyoyi. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki tun 2012, TAJBank da Lotus Bank suka biyo baya. Kowane sukuk yana buƙatar wanda ya gane ijara (haya) da murabaha (sayar da kaya da ƙarin da aka amince a kai), ya kuma iya lissafin kuɗi na zamani, kuma yaron da ya yi Islamiyya ya haɗa da digiri ya riga ya ci rabin wannan tafiya. Idan muka ƙaurace, wasu ne za su riƙa tsara abin da mu ma muke saye.

Aiki kuwa akwai shi. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, har zuwa naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, kuma ta hannun gidajen zuba jari bankunan suka bi suka sayar da sabbin hannayen jari.

Ƙanina, kada ka ɗauka hanyar mai sauƙi ce. Shekarun farko a gaban Excel da PowerPoint za ka yi su, kana gyara alƙaluma har tsakar dare, kuma in a Agege ko Mile 12 kake zaune, cunkoson gadar Third Mainland zai cinye abin da ya rage na lokacinka. Yawanci ana fara tantancewa da jarrabawar gwajin basira, ana duba sakamakon digiri, wasu wuraren ma suna sa iyakar shekaru, saboda haka wanda ya jira sai ya gama hidimar ƙasa kafin ya fara shiri ya makara. Tun daga aji uku ya kamata ka iya karanta rahoton kuɗi na kamfani, ka nemi gurbin koyon aiki lokacin hutu, ka kuma fara tunanin jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci ko ta CFA ta masu nazarin zuba jari, mai matakai uku.

Kuɗin CFA da dala ake biya, kuma a nan ne yara masu ƙwazo da yawa ke tsayawa. Ina roƙon alhazanmu na kasuwar Mile 12 da na Agege, da ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Legas, su ware wani abu duk shekara don biya wa ɗalibai maza da mata kuɗin wannan jarrabawa, su kuma taimaka musu da masauki kusa da wurin aiki a shekarar farko.