Babur ɗin da ba ya goyo

Asabar ɗin da ta wuce ina tsaye a ƙofar garejin maƙwabcina a nan Landan, ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya datse bayan wata Honda CB550 ƙirar 1976. Babur lafiyayye, ko fentinsa bai kwaile ba. Sai da gabana ya faɗi. Na ce, "Dattijo, me ya yi maka?" Ya yi dariya ya ce ai gyara yake yi, kafe resa zai mayar da shi, wato babur marar nauyi irin na tsere.

Ga wanda bai sani ba, abin ya samo asali ne daga samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960. Suna taruwa a gidajen shan shayi na bakin titi, mafi shahara shi ne Ace Cafe da aka buɗe a 1938 a arewa maso yammacin Landan, su yi ta tsere daga wannan shago zuwa wancan. Burin kowa babur ɗinsa ya kai mil 100 a awa, kusan kilomita 160. Don haka duk abin da ke ƙara nauyi sai su cire. Wasu har injin babur ƙirar Triumph suke ɗorawa a kan ƙashin babur ƙirar Norton su kira shi Triton.

Dattijon nan ya bi da ni dalla-dalla. Zai sauke kan babur ɗin ƙasa sosai, ya mayar da matakan ƙafa baya, yadda mai tuƙi zai kwanta a kan tanki kamar mai ruku'u. Ya cire akwatin iska ya sa ƙananan matatai, kuma wannan kaɗai ya tilasta masa sake saita kafireta huɗu, don iska ta yi wa fetur yawa. Batir zai ɓoye a cikin wani tozo da ke bayan kujera. Kowane noti yana cikin 'yar leda da rubutu a jiki. Yana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, yana da littafin kamfani, yana da hita a garejin. Wata goma sha takwas ya ware wa aikin.

Na yaba, gaskiya. Sai ɗoki ya ɗebe ni na nuna masa hoton Honda CG125 ta Baba a wayata, da kariyar da aka yi mata walda da robar tayar da aka naɗe hannunta da ita. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah sarki, wannan ceto take nema."

Maganar nan ta hana ni barci.

Ceto daga wa? Bakaniken Baba a Tudun Wadan Zariya, a gindin dogon yaro yake aiki. Da kunne yake saita kafireta. Ya ɗan murza totur, ya karkata kai, ya ce, "Alhaji, filogi ne," kuma filogin ne. Gasket da kwali yake yankawa. Koyil ya ƙone, a sake naɗa shi da hannu. Ka kawo masa babur da hantsi, kafin la'asar kana kan hanyar Samaru. A ba wannan mutumin garejin maƙwabcina na wata guda a ga abin da zai fito.

Ban ce ba mu da laifi ba. Guduma da filaya sun kashe noti da yawa a Zariya, birki kuwa sai ya ƙi ci gaba ɗaya muke tunawa da shi, hular kwano ma kun san labarinta. Baturen nan ya fi mu tsari, na yarda. Amma tsarin mai ƙoshi ne. Shi wasa yake yi, mota biyu ce a ƙofar gidansa. Namu in babur bai tashi ba, ba a ɗora tukunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wannan ba ne. Kujerar ce. Ya cire doguwar kujera mai ɗaukar mutum biyu ya jefar a lungu, zai sa ta mutum ɗaya tak. Wato duk wahalar nan da kuɗin nan, don a ƙera babur da ba ya goyo. Na tambaye shi wa zai riƙa ɗauka, ya ce ba kowa, daɗin abin ke nan. Haka rayuwar nan take ɗungurungum. Shekarata shida a layin nan, ban taɓa ganin wani ya tsaya ya ce wa mai tafiya a ƙasa "hau mu je" ba.

Mu huɗu Baba ke ɗauka zuwa makaranta, ƙaraminmu a kan tanki yana riƙe da madubi. Ranar hawan Sallah a kanta muke zuwa Ƙofar Fada. Ta ɗauko buhun masara daga Giwa, ta kai Inna asibiti cikin dare, maƙwabta kuwa ba sa ma tambaya, makulli kawai suke ɗauka a kan taga. Duk tabon da dattijon ya gani ya tausaya mata, na san ranar da ta same shi.

Da asuba na kira ƙanena, na ce ya fito da ita daga zaure ya kai wa bakanike, ko nawa ne zan turo. Ya yi shiru. Can ya ce, "Yaya, ai tun bayan rasuwar Baba aka sayar wa 'yan gwangwan. Mun zaci an faɗa maka." A kilo suka auna ta. Ban yi masa faɗa ba, don wanda ba ya nan ba shi da bakin magana.

Jiya na koma garejin na roƙi dattijon tsohuwar kujerar da ya yar. Ya yi mamaki, ya ce ba ni da babur ai. Na ce na sani. Tana nan jingine a bayan ƙofar ɗakina.